Daga Yaji zuwa Umarnin Kariya: Tarihin Kare Matar Aure daga Cutarwa a Birnin Katsina

Ƙofar Marusa ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, kuma kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi, sunanta ya samo asali ne daga wata babbar sarauta ta masarautar. A zamanin da ganuwa take tsaye, ƙofar ita ce iyaka tsakanin cikin birni, inda zuri'o'i suka zauna gida a jikin gida kowa ya san kakan kowa, da bayan gari, inda gonaki da makiyaya suke. A yau sunan ƙofar ya koma sunan unguwa, gine-gine sun tsallake inda ganuwar take, an sami rukunin gidajen ma'aikata da gidajen haya waɗanda mazaunansu suka taho daga garuruwa dabam-dabam. Wannan sauyi na tsarin zama yana da alaƙa ta kusa da tarihin kare matar aure daga duka da wulaƙanci, domin hanyoyin kariyar da Katsinawa suka gada, na al'ada da na shari'a, duka an gina su ne a kan samuwar dangi na kusa da maƙwabta masu faɗa a ji, kuma umarnin kariya na kotu, wanda ya iso jihar ba da jimawa ba, ya zo ne a daidai lokacin da wannan ginshiƙi ya soma rauni.

Hanya mafi daɗewa ita ce yaji, wato mace ta bar ɗakinta cikin fushi ta koma gidan iyayenta ko gidan wani babba a danginta, ba tare da an sake ta ba. Yaji ba ya warware igiyar aure, amma yana fitar da abin da yake ɓoye a bayan labule zuwa zaure, ya kuma tilasta wa miji yin biko, wato ya taka ko ya aika wakili ya nemi a mayar masa da matarsa. A zaman biko ne waliyyinta da dattawan ɓangarorin biyu suke jin ta bakin kowa, su ja wa mai laifi kunne, wani lokaci su gindaya masa sharaɗi a gaban shaidu. Idan abin ya faskara, sai a kai shi gaban mai unguwa ko limamin unguwa, daga nan kuma a wuce gaban alƙali. Ƙarfin wannan tsari shi ne saurinsa da rashin tsadarsa, rauninsa kuwa shi ne nauyin yajin kowace mace daidai yake da nauyin gidan da ta nufa. Wadda mahaifinta ko yayyenta suke da ƙarfi, mijinta yakan shiga taitayinsa. Marainiya ko wadda aka auro daga nesa kuwa, sau da yawa ana haɗa ta da yaro a rako ta kafin ƙafarta ta huce, da nasihar cewa aure ibada ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin ya fi tsanani a auren zumunci, inda wanda za a kai wa ƙara kan zamo kawu ko baffan wanda ake ƙara. Wani abin lura kuma shi ne, a yaji wadda aka cuta ita ce take barin gida, ta bar gadonta da kayan ɗakinta, a wasu lokuta har da 'ya'yanta da suka wuce goyo.

Kusa da wannan al'ada akwai tanadin fiƙihun Malikiyya, wanda ya kafu a Katsina tun bayan zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Shehu Magili ya ziyarci birnin a ƙarshen wannan ƙarni, malamin nan da Katsinawa suke kira Ɗan Takum ya riƙe alƙalancin garin a farkon ƙarni na 16, a ƙarni na 17 kuma aka yi Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina. Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da su, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da Muhtasar na Halil ɗan Is'haƙ, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim alƙalin Garnaɗa a Andalus, sun yi magana a kan wannan matsala a ƙarƙashin kalmar larar, wato cutarwa. Masu sharhin Muhtasar irin su Shehu Ahmad Dardir sun bayyana cewa cutarwa ba ta tsaya ga duka kaɗai ba, ta haɗa da zagin mace da zagin iyayenta, da ƙaurace mata ko yanke magana da ita ba bisa wani dalili na shari'a ba, ko da yake ba su lissafa yi mata kishiya a cikin cutarwar da ake raba aure dominta ba.

Matakan da mazhabar ta shimfiɗa wa alƙali sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne aka fi samun kamanni da abin da ake kira umarnin kariya a yau. Idan mace ta tabbatar da cutarwa amma tana son ci gaba da zaman aurenta, alƙali zai tsawatar wa mijin, ya fara da wa'azi, ya ƙara da gargaɗi, idan bai hanu ba ya hore shi gwargwadon abin da ya ga zai tsayar da shi. Idan kuwa ta tabbatar da cutarwar ta kuma zaɓi rabuwa, alƙali zai umarci mijin ya sake ta, idan ya ƙi ya zartar da sakin a kansa, saki na ba'ini wanda ba shi da ikon yin kome a cikinsa sai da yardarta da sabon ɗaurin aure, kuma ba za ta mayar da sadaki ba. Sanannen ra'ayi a mazhabar shi ne ba sharaɗi ba ne sai cutarwar ta maimaitu, matuƙar bayyananniya ce. Wannan rabuwa ta bambanta da hul'i, inda mace take fansar kanta da dukiya, kuma malaman sun rufe ƙofar dabara a nan, domin sun ce wadda ta biya hul'i sannan ta tabbatar cewa cutarwa ce ta tilasta mata, za a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma yana nan daram. Ƙarfin wannan tanadi ya kai ga Masar, wadda kotunanta suke bin mazhabar Hanafiyya, ta aro shi daga Malikiyya a dokarta ta 1929.

Babbar matsalar ita ce shaida, tunda abin da ke faruwa tsakanin miji da mata a ɗaki yake faruwa, kuma a nan ne malaman suka yi sassauci iri biyu. Na farko, sun karɓi shaidar ji, wato shaidu su faɗi cewa maganar cutarwar ta yaɗu a bakin maƙwabta da mata da masu hidimar gida, ko da su ba su gani da idonsu ba. Na biyu, idan mace ta yi ta kawo ƙara ba tare da hujja ba, alƙali ba zai sallame ta hannu rabbana ba, zai ba da umarnin a zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki, wato a maƙwabtaka da salihai waɗanda ake karɓar shaidarsu, domin su sa ido su gano mai zalunci. Idan har wannan bai warware ba, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, bisa aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, kuma a wurin Malikiyya hukuncin waɗannan mutum biyu yana zartuwa, har da raba auren, ko da mijin bai yarda ba. Zaunarwa a tsakanin salihai hukunci ne na riga-kafi, wanda manufarsa hana abin da bai riga ya auku ba da tara hujja a kan abin da ake musu, kuma wanda ya san tsarin tsofaffin unguwannin Katsina, inda katanga ɗaya take raba gida da gida, zai gane cewa tanadi ne da aka ɗinka daidai da jikin irin wannan zama. Sai dai tarihi ya nuna yadda tanadin kariya kan juye: a birnin Tunis an yi gidan da ake kira Dar Jawad, inda alƙalai suke ajiye matan da suke rikici da mazajensu, wanda daga bisani ya yi suna a matsayin wurin tsare mata da lanƙwasa su, har aka daina aiki da shi bayan samun 'yancin ƙasar a 1956.

Jagororin jihadi sun ɗauki halin da mata suke ciki a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da suke neman gyarawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morar hidimarsu, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam domin shiryar da masu mulki da alƙalai. Bayan da Katsina ta shiga hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, zuri'ar tsohuwar sarauta kuma ta koma arewa ta kafa Maraɗi, alƙalanci a birnin ya ci gaba a ƙarƙashin inuwar Sakkwato, da majalisar Sarki a matsayin wurin ɗaukaka ƙara. Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk abin da ke cikin littafi shi ake aiwatarwa a zauren alƙali, domin macen da take cikin kulle ba kullum take samun hanyar isa can ba, kuma zuwa gaban alƙali da miji abu ne da yawancin gidaje suke ɗauka tonon silili.

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, kuma a ƙarƙashin dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar wa alƙalai shari'ar aure da gado, suka sa su a ƙarƙashin duban Razdan da Di'o. A farkon mulkin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, aka kafa Baitulmali a Katsina, alƙalai suka koma karɓar albashi, aka kuma tilasta rubuta shari'o'i a littafin kotu. A 1916 wani jami'in mulkin mallaka mai suna Ruxton ya fitar da taƙaitaccen Muhtasar cikin Ingilishi domin amfanin 'yan uwansa jami'ai, a 1934 kuma aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan. Ƙararrakin aure sun kasance kan gaba a cikin abin da kotunan alƙalai suke saurare a wannan zamani, kuma mata ne suke shigar da akasarinsu, tunda namiji ba ya bukatar kotu kafin ya yi saki. Amma hanyar da aka fi bi ita ce ta hul'i, saboda ta fi sauƙi ga kowa: ba a bukatar shaidu, ba a tozarta miji, alƙali ba ya shiga dogon bincike. Sakamakon haka shi ne macen da shari'a ta ba haƙƙin fita ba tare da biyan ko anini ba takan sayi 'yancinta da kuɗi, sau da yawa kuɗin da danginta ko mai neman aurenta na gaba ya biya.

Sauyi mafi nauyi ya zo ne gab da samun mulkin kai. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma bisa shawararsu aka zartar da kundin hukunta laifuffuka da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. An tsara shi ne a kan kundin Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga kundin da Turawa suka yi wa Indiya a 1860. Sashe na 55 na kundin ya lissafa waɗanda ba a ɗaukar horon da suka yi a matsayin laifi matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba: uba ko mariƙi a kan yaro, malami a kan ɗalibi, maigida a kan bara ko ɗan koyon sana'a, sai kuma miji a kan matarsa idan al'adarsu ta halatta hakan. Sashe na 241 kuma ya fayyace mummunan rauni da abubuwa irin su rasa gani ko ji ko magana, lalata wata gaɓa, karya ƙashi ko haƙori, ɓata fuska na dindindin, da raunin da ya jefa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Idan aka auna wannan da fiƙihun da aka bayyana a baya, za a ga cewa kundin ya yi ƙasa da ma'auni ƙwarai. Malaman Malikiyya da suka yi magana a kan aya ta 34 ta Suratun Nisa'i sun kewaye ta da sharuɗɗa masu tsauri, sun hana duk abin da zai raunata jiki ko ya bar tabo, sun kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba. Malamin Tunisiya Ɗahir Ibn Ashur, wanda ya rasu a 1973, ya tafi a kan cewa hukuma tana da ikon hana dukan baki ɗaya ta hukunta mai yi idan ta ga mazaje suna wuce iyaka. Kundin da ya biyo ta Indiya da Sudan kuwa ya ajiye iyakar laifi a bakin karayar ƙashi, kuma shekaru da yawa shi ne abin da ɗan sanda a caji ofis yake dogara da shi idan ya ce wa mai ƙara wannan maganar cikin gida ce.

Abubuwan da suka biyo baya sun sauya sunayen kotuna fiye da yadda suka sauya wannan hali. An soke kotunan sarakuna, kotunan yanki suka maye gurbin na alƙalan En'e a 1968, an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, a shekarar 2000 kuma, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, jihar ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. Abin da ya ƙaru a wannan tsakani shi ne ƙungiyoyin mata masu kare haƙƙi da hujjojin fiƙihu, irin su FOMWAN da aka kafa a 1985 da WRAPA da aka kafa a 1999, wadda ta tsaya wa wata mata mai suna Amina Lawal a shari'arta har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta sallame ta a watan Satumba na 2003.

Shi kuwa umarnin kariya a siffarsa ta zamani, wanda ma'aikatan kotu suke kira oda, ya bayyana ne a Ingila da jihar Pensilbeniya ta Amurka a 1976, bayan fafutukar da ta biyo bayan buɗe gidan fakewar mata a unguwar Chiswick ta Landan a 1971. Afirka ta Kudu ta yi dokarta mai faɗi a 1998, Jihar Legas ta yi tata a 2007, ƙasashen Malikiyya ma suka bi, Tunisiya a 2017, Maroko a 2018. A matakin tarayya, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar haramta cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, a ranar 25 ga Mayu 2015, aka ɗora wa hukumar NAPTIP kula da aiwatar da ita. Dokar ta mai da dukan abokin aure laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3 ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ta kuma haramta korar abokin aure daga gida da ƙarfi. Daga sashe na 28 ta shimfiɗa tsarin umarnin kariya: wanda aka cuta zai iya nema da kansa, ko ɗan sanda ko ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a ko malamin makaranta ya nema masa da yardarsa, kotu tana iya bayar da umarni na wucin gadi kafin ta ji ta bakin wanda ake ƙara idan akwai alamar haɗari na kusa, tana iya hana shi sake cutarwa, ko shiga gidan da suke zaune ko wani sashe nasa, ko zuwa wurin aikin mai ƙara, tana iya sa a karɓe makami daga hannunsa, a haɗa mai ƙara da ɗan sanda ta kwashe kayanta, a kuma tilasta masa biyan kuɗin bukatar gaggawa. Ana haɗa umarnin da takardar kamu wadda ake jingine ta, sai ranar da wanda ake ƙara ya karya sharaɗi ta fara aiki.

Da yake irin wannan doka hurumin jihohi ce, ta tarayya ba ta aiki sai a Abuja, don haka sai da kowace majalisar jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, jihohi da dama suka biyo baya bayan da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafi a watan Yuni na 2020, lokacin kullen korona. Katsina tana cikin na ƙarshe-ƙarshe, domin sai a ƙarshen 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa hannu a kan tata. Jinkirin da aka samu a jihohin Arewa ya samo asali ne daga zargin cewa dokar baƙuwa ce da take son shiga tsakanin miji da mata, zargin da yake da tushe a wasu sassan da suka shafi ma'anar fyaɗe, amma yake da rauni a babin umarnin kariya, tunda tsawatarwar alƙali, da sa ido a kan gida, da karɓar ƙara kafin cikar hujja, duka suna cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Katsina tun ƙarnoni da suka shuɗe.

Inda sabon tsarin ya rabu da na da shi ne a kan wanda zai motsa. Yaji yana fitar da mace, zaunarwa a tsakanin salihai tana ɗauke ma'auratan biyu, umarnin kariya kuwa yana iya barin mace a ɗakinta ya tsayar da namiji a waje, kuma nan ne ya fi cin karo da tsarin gidan Bahaushe. A tsohon gari gida na miji ne ko na mahaifinsa, a cikinsa akwai uwarsa da ƙannensa da kishiyoyi masu haƙƙin kwana, abin da mace ta mallaka shi ne abin da ke cikin ɗakinta, saboda haka hana mutum shiga gidan gadonsu hukunci ne da zai yi wuyar zartarwa, kuma macen da ta samu irin wannan oda za ta ci gaba da haɗa madafa da danginsa. A can sassan da suka fi iya aiki su ne na hana cutarwa, da na rakiya wajen kwashe kaya, da na ciyarwa. A sababbin unguwannin da suka bazu bayan Ƙofar Marusa kuwa, inda ma'aurata suke zaune su kaɗai a gidan haya mai get da doguwar katanga, iyayen matar suna Funtuwa ko Daura ko ma wata jiha, maƙwabci kuma bai san sunan maƙwabcinsa ba, ba a samun salihan da za su sa ido, shaidar ji ma ba ta da bakunan da za ta yaɗu a cikinsu. A irin wannan gida takardar asibiti da saƙon waya da hoton rauni su ne suke tsayawa a matsayin shaidu, mai ƙara kuma takan fara ne daga ofishin Hizba, wadda jihar ta kafa hukumarta a 2023, ko daga teburin kula da al'amuran mata a caji ofis, kafin maganar ta kai gaban alƙalin da zai duba ko a yi sulhu, ko a raba, ko a rubuta oda.